Dakta Pap, likitan da ya gano cewa sankarar bakin mahaifa tana sallama kafin ta shigo

A takardun likita na ƙasar Nijar ana kiran gwajin frottis, a Najeriya da sauran ƙasashen renon Ingila kuma ana ce masa gwajin Pap. Wannan gajeren suna an yanko shi ne daga sunan wani likita ɗan ƙasar Girka, Georges Papanikolau, wanda ya rasu a Amurka a shekarar 1962. Shi ne ya nuna wa duniya cewa ana iya ganin alamun sankarar bakin mahaifa a jikin macen da ke jin kanta garau, shekaru da dama kafin cutar ta kafu, a lokacin da maganinta ke da sauƙi da araha. A ƙasashen da suka riƙe gwajin hannu biyu, cutar ta ja da baya ƙwarai. A Nijar da maƙwabtanta kuwa har yanzu tana sahun gaba cikin cututtukan daji da ke kashe mata, kuma yawancin masu ɗauke da ita ba sa isa asibiti sai bayan ta ci jiki. Ga tarihin mutumin, da yadda aikinsa ya shafi mace a gari irin Gaya.

Ɗan likita da ya ƙi zaman duba marasa lafiya

An haifi Papanikolau ranar 13 ga watan Mayu na shekarar 1883 a garin Kimi, wani ƙaramin gari na bakin teku a tsibirin Ebiya na ƙasar Girka. Mahaifinsa, Nikolas, likita ne mai faɗa a ji, ya riƙe magajin garin Kimi, ya kuma yi ɗan majalisa. Yaron ya taso da son karatu da kiɗa, har ya ƙware a goge irin na Turawa. Yana da shekara 15 ya shiga jami'ar birnin Atina a 1898. Adabi da kiɗa ne suka fara jan hankalinsa, amma mahaifin ya matsa masa ya karanta likitanci, ya kuma kammala a 1904 yana da shekara 21.

Bayan ya yi aikin soja a matsayin mataimakin likitan tiyata, ya koma gida a 1906, inda ya riƙa kula da kutaren da aka keɓe a kusa da garinsu. Burin mahaifinsa shi ne ɗan ya gaje shi, ya buɗe wurin duba marasa lafiya ya zauna cikin rufin asiri. Shi kuwa bincike yake so, ya san yadda halitta ke aiki tun daga tushe. Da ƙyar ya shawo kan tsohon ya biya masa kuɗin ƙarin karatu. A 1907 ya tafi Jamus, wadda a wancan zamani ita ce cibiyar ilimin halittu. Ya zauna a Jena da Freiburg, sannan ya dire a Munich a hannun malami Richard Hertwig. A can ya samu digirin dakta a ilimin dabbobi a 1910, bisa binciken da ya yi kan wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa, da abin da ke sa ya fito namiji ko mace.

A shekarar ce kuma ya auri Andromaki Mavroyeni, ɗiyar wani hafsan soja, wadda daga baya kowa ya sani da suna Mary. Ma'auratan sun wuce Monako, inda ya samu aiki a cibiyar nazarin teku, har ya bi jirgin ruwan Yarima Albert na ɗaya a wata tafiyar bincike a 1911. Da yaƙin Balkan ya ɓarke a 1912, aka kira shi gida ya koma aikin likitan soja. A fagen daga ya haɗu da Girkawa ƴan sa-kai da suka zo daga Amurka, waɗanda suka ba shi labarin ƙasar da damar da ke cikinta. A Girka babu kuɗin bincike, babu kayan aiki. Da yaƙi ya lafa, sai ya yanke shawarar tafiya, duk da cewa iyayensu ba su so ba.

Baƙi a birnin New York

Sun sauka a New York ranar 19 ga watan Oktoba na 1913 da kimanin dala 250 a hannu, ba kuma wanda ya iya Ingilishi a cikinsu. Mary ta samu aikin ɗinka maɓalli a wani babban kanti mai suna Gimbels, ana biyan ta dala 5 a mako. Mijin, mai digiri biyu, ya gwada sayar da darduma a wannan kanti, bai daɗe ba ya bari. Ya koma kiɗan goge a gidajen abinci, yana kuma ɗan aiki a wata jaridar Girkawa mai suna Atlantis.

Abin da ya fitar da shi daga wannan hali shi ne binciken da ya yi a Munich. Wani shahararren masanin gado a jami'ar Columbia, Thomas Hunt Morgan, ya riga ya karanta aikin, ya kuma ambace shi a littafinsa. Shi ya yi masa hanya ya samu ɗan aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin New York. A 1914 ya koma sashen nazarin sassan jiki na makarantar likitanci ta jami'ar Cornell, ƙarƙashin Charles Stockard. A wannan wuri ya yi shekara 47. Mary ma ta bar kanti ta bi shi, ta zama mai shirya masa kayan gwaji, shekaru da yawa ba tare da albashi ba.

Daga ɓeran Masar aka fara

Stockard yana nazarin illar barasa a kan ƴaƴan ɓeran Masar, shi kuma Papanikolau yana buƙatar ƙwan matan ɓerayen a daidai lokacin da ya nuna. Matsalar ita ce ba wanda ya san lokacin, sai an yanka dabbar an duba, a yi ta asarar ɓeraye a banza. Sai ya yi tunanin cewa tun da mace tana da al'ada, macen ɓera ma ba za ta rasa wani sauyi na lokaci zuwa lokaci ba, ko da ido ba ya ganin sa. Ya sayo ɗan ƙaramin ƙarfen da likitoci ke buɗa hanci da shi, ya riƙa ɗebo ruwan gaban ɓerayen kowace rana, yana shafawa a kan ɗan gilashi, yana dubawa da madubin ƙara girma.

Jikin ɗan Adam da na dabba an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma fatar da ke lulluɓe da cikin gaba da bakin mahaifa kullum tana zubar da tsofaffi tana yin sababbi, kamar yadda itace ke kaɗe ganye. Papanikolau ya ga cewa siffar waɗannan ƙwayoyi da suka zubo tana canzawa bisa tsari, tana kuma maimaituwa duk bayan kwana 15 zuwa 16. Ke nan daga shafa guda ana iya sanin abin da ke faruwa a cikin jikin dabbar ba tare da an sa mata wuƙa ba. Shi da Stockard sun wallafa sakamakon a 1917. Wasu masana sun yi amfani da dabarar a 1923 wajen gano sinadarin da ke tafiyar da al'adar mata.

Matar da ta ba da kanta shekara 21

Wajen 1920 ya so ya gwada dabarar a kan ɗan Adam. Ba shi da lasisin duba marasa lafiya a Amurka, don haka ba shi da hanyar samun matan da zai gwada. Mary ce ta amince. Kusan kowace rana ta Allah, tsawon shekara 21, tana hawa gadon gwaji ya ɗebi ruwan jikinta. Daga gare ta ya koyi yadda lafiyayyun ƙwayoyin bakin mahaifa suke a kowace rana ta wata, tun tana matashiya har al'ada ta ɗauke mata. Ta kuma shawo kan wasu ƙawayenta suka ba da nasu. Ba su haihu ba, rayuwarsu duka ta tafi a wannan aiki. Ita ke tuƙa shi zuwa wurin aiki, ita ke rina gilasan, ita ke riƙe da gida. Shi kuma an san shi da yin aiki kusan kwana bakwai a mako, ba ya zuwa hutu.

A 1925 ya samu izinin yin gwaji a wani asibitin mata na New York, inda ya tara samfuri daga ma'aikata da marasa lafiya. A cikinsu akwai masu sankarar mahaifa. Da ya ɗora gilasansu a madubi, sai ya ga ƙwayoyi da ba su yi kama da na Mary ba: cibiyarsu ta kumbura, ta yi baƙi, siffarsu ta karkace. Wanda ya shafe shekaru yana kallon lafiyayye ba zai kasa gane mai ciwo ba. Ya fahimci cewa sankara ma tana zubar da ƙwayoyinta, kuma ana iya kama su da ɗan tsinke da gilashi.

Shekarun da aka yi watsi da shi

A watan Janairu na 1928 ya gabatar da abin da ya gano a wani taro a garin Battle Creek na jihar Michigan. Taron na masu aƙidar tace jinsin ɗan Adam ne, aƙidar da daga baya duniya ta yi tir da ita, kuma ba wurin da ƙwararrun sankara ke haɗuwa ba ne. Takardar da aka buga ta fito da kurakurai, hotunan ba su fito sosai ba. Manyan likitocin zamanin, ciki har da James Ewing wanda ake ji da shi a fannin sankara, ba su gamsu ba. A ganinsu bakin mahaifa wuri ne da ido ke iya kaiwa, idan an ga ƙari sai a yanko ɗan nama a auna, babu dalilin ɓata lokaci ana laluben ƙwayoyi ɗaya-ɗaya a gilashi. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, ana yanko nama ne bayan an ga ciwo, kuma kafin a gan shi sau da yawa lokaci ya ƙure.

A daidai wannan lokaci wani likita a Romaniya, Aurel Babeş, ya gano irin wannan hanya shi kaɗai, ya kuma buga ta cikin Faransanci a wata mujallar likitoci ta birnin Paris a watan Afrilu na 1928. Har yau a Romaniya ana haɗa sunayen mutanen biyu idan ana maganar gwajin. Shi ma Babeş bai samu masu bin sa ba a lokacin.

Papanikolau ya karaya, ya ajiye batun sankara kusan shekara 10, ya koma nazarin al'adar mata da sinadaranta. Sai a 1939, da Joseph Hinsey ya zama shugaban sashensu, ya duba tsofaffin takardun ya ce a koma kan aikin. Aka haɗa shi da wani likitan mata mai suna Herbert Traut, aka kuma tsara cewa duk macen da aka kwantar a sashen mata na asibitin New York za a ɗebi samfurinta. Wannan ya ba su dubban gilasai, kowanne tare da tarihin mai shi.

A 1941 suka wallafa sakamakon farko, a lokacin da sankarar mahaifa ke kashe mata kimanin dubu 26 a shekara a Amurka. A 1942 ya fitar da sabon haɗin rini mai launuka da yawa, wanda ke sa a ga cikin ƙwayar halitta tangaran. Da shi ake aiki har gobe a ɗakunan gwaji na duniya, da sunansa kuma ake kiran sa. A 1943 littafinsu ya fito, da zane-zanen wani gwanin zane ɗan Japan, Hashime Murayama, wanda hukumomin Amurka suka tsare a lokacin yaƙin duniya na biyu saboda asalinsa. Littafin ya nuna mata da dama da aka gano cutarsu tun ba su da wata alama, kuma tun idon likita bai ga komai ba.

Daga nan abin ya karɓu. A 1947 wani likita ɗan Kanada, Ernest Ayre, ya ƙera ɗan katako mai lanƙwasa da ake karto bakin mahaifa da shi kai tsaye, wanda ya ƙara wa gwajin inganci. A 1948 ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka ta kira babban taro a Boston, ta kuma ɗauki nauyin yaɗa gwajin da horar da masu karanta gilasai. Papanikolau da kansa ya koyar da ɗaruruwan likitoci daga ƙasashe daban-daban, an kuma laƙaba masa Dakta Pap saboda tsawon sunan. Ya samu lambar yabo ta Lasker a 1950, ya fitar da babban kundin hotunan ƙwayoyin halitta a 1954. An sha gabatar da sunansa don kyautar Nobel, bai taɓa samu ba.

A ƙarshen 1961, yana da shekara 78, ya bar New York ya koma Miami don ya shugabanci wata cibiyar binciken sankara, abin da ya daɗe yana mafarki. Watanni kaɗan ya yi a can. Ciwon zuciya ya ɗauke shi ranar 19 ga watan Fabrairu na 1962, aka sa wa cibiyar sunansa. Mary ta ci gaba da hidimar wurin har ta rasu a 1982. Amurka ta buga hotonsa a kan tambarin wasiƙa a 1978, Girka kuma ta sa shi a takardar kuɗinta ta dirakma dubu 10 a 1995. Tsakanin tsakiyar shekarun 1950 da farkon shekarun 1990, mace-macen sankarar bakin mahaifa a Amurka sun ragu da fiye da kashi 70 cikin 100, kuma masana sun danganta mafi yawan wannan ragi ga gwajinsa.

Abin da aka gano bayansa

Papanikolau ya rasu bai san abin da ke haddasa cutar ba. Wani masani ɗan Jamus, Harald zur Hausen, shi ya tabbatar a 1983 da 1984 cewa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Ƙwayar ta yaɗu sosai, yawancin maza da mata suna haɗuwa da ita a rayuwarsu, kuma macen da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya ɗaukar ta. A mafi yawan lokuta jiki yana kawar da ita da kansa. A wasu matan kuwa tana maƙalewa a bakin mahaifa, tana sauya ƙwayoyin wurin a hankali. Kafin wannan sauyi ya zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20, ko shekara 5 zuwa 10 ga macen da garkuwar jikinta ta yi rauni. Mace mai ɗauke da ƙwayar sida ta fi sauran mata haɗarin kamuwa har ninki shida.

Waɗannan shekaru su ne sallamar da cutar ke yi. A cikinsu mace ba ta jin zafi, ba ta ganin jini, tana noma, tana kasuwa, tana haihuwa. Idan aka fara ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ba ya jin magani, to sau da yawa cutar ta riga ta shigo ɗaki. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na shekarar 2022 sun nuna mata kimanin dubu 660 sun kamu, kimanin dubu 350 sun mutu, kuma kashi 94 cikin 100 na mamatan suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi.

Me ya sa gilashin bai isa Gaya ba

Gwajin Dakta Pap yana da sauƙi a wurin ɗiba, amma yana tafe da doguwar sarƙa a bayansa. Sai an tsoma gilashin cikin sinadari tun yana ɗanye, a kai shi ɗakin gwaji, a rina, ƙwararre ya zauna ya karanta, sakamako ya dawo, a nemo matar, a sake duba ta, a yanko nama a tabbatar, sannan a yi magani. Kuma sai an maimaita duk bayan ƴan shekaru. A Nijar masu wannan ƙwarewa ƙalilan ne, a Yamai suka taru, inda ɗakin gwaji na sashen likitanci na jami'ar Abdou Moumouni ke riƙe da rajistar masu sankara tun 1992. Daga Gaya zuwa Dosso kimanin kilomita 150 ne, zuwa Yamai kusan 300. Macen da ta fito daga wani ƙauye na bakin kogi, ta nemi izinin maigida, ta biya kuɗin mota, ta bar yara da gona, da wuya ta yi wannan tafiya sau uku saboda ciwon da ba ta ji a jikinta. Gari ne kuma na kan iyaka, mata suna kai da komo tsakanin Gaya da Malanville ta Benin da Kamba ta Najeriya, wadda aka gwada yau ba lalle a same ta ranar da sakamako ya fito ba.

Wannan ne ya sa masana suka nemi hanyar da za a yi gwaji da magani a zama ɗaya. Sun koma ga wata tsohuwar dabara da likitocin Jamus suka sani tun shekarun 1930: idan aka shafa ruwan binegar mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari bayan minti ɗaya, lafiyayyen wuri kuma ya zauna yadda yake. Ungozoma ko ma'aikaciyar jinya da aka horar tana iya gani da idonta da hasken tocila. A takardun likita na Nijar ana rubuta shi IVA. Nijar tana cikin ƙasashen da aka auna ingancin wannan hanya. Cibiyar binciken sankara ta OMS da ke Lyon a Faransa ta jagoranci wani nazari da aka wallafa a 2004, wanda ya shafi mata kusan dubu 57 a Nijar da Mali da Burkina Faso da Gini da Kwango da Indiya, kuma a Yamai aka yi ɓangaren Nijar. Wani babban nazari a gundumar Dindigul ta kudancin Indiya, da aka wallafa a 2007, ya nuna cewa gwajin binegar tare da magani ya rage mace-mace da kashi 35 cikin 100.

Maganin tabon da bai zama sankara ba iri biyu ne a ƙananan asibitoci. Akwai na sanyi, inda ake daskarar da wurin da iskar gas minti uku, a saki minti biyar, a sake minti uku. Wahalarsa ita ce tulun gas mai nauyi da tsada, wanda kan ƙare a rasa inda za a cika. Akwai kuma na zafi, wanda OMS ta amince da shi a 2019: ɗan ƙarfe ne da ake ɗumamawa zuwa digiri 100, a ɗora a wurin daƙiƙa 20 zuwa 30, kuma akwai na'urorin da ke aiki da batir, ana iya sa su a jaka a kai ƙauye. Duka biyun ba a sa mace barci, ba a cire mahaifa, ba sa hana haihuwa. Takan ga ruwa yana zuba na ƴan makonni, ana so ta ƙaurace wa shimfiɗa wata ɗaya, ta dawo a sake duba ta bayan shekara. A wannan wata ɗaya fahimtar maigida tana da muhimmanci kamar maganin kansa. Idan tabon ya yi faɗi, ko ana zargin ya riga ya zama sankara, sai a tura ta babban asibiti.

Gwajin binegar yana da nasa rauni. Ya dogara da idon mai dubawa, yakan nuna fari a inda babu matsala, yakan kuma tsallake wani tabon, ba ya kuma aiki sosai ga macen da ta haura shekara 50. Shi ya sa tun 2021 OMS ta fi son a nemi ƙwayar HPV kanta da na'ura, daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. Ga mai ɗauke da ƙwayar sida ana farawa daga shekara 25, a maimaita bayan shekara 3 zuwa 5. A wannan gwaji mace tana iya ɗibar samfurin da kanta da ɗan tsinke mai auduga, abin da ke rage kunyar da ke hana mata da yawa zuwa. Inda na'urar ba ta kai ba, ana ci gaba da binegar duk bayan shekara 3.

A watan Nuwamba na 2020 OMS ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar, da buri uku zuwa 2030: a yi wa kashi 90 cikin 100 na ƴan mata allurar rigakafin HPV kafin shekara 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Najeriya ta shigar da allurar cikin jerin rigakafinta a watan Oktoba na 2023, ga ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. A Nijar, gwamnati ta ayyana kula da sankarar mata kyauta tun 2007, kuma cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta buɗe sashen gashin ƙari da haske a 2021, abin da a da sai an fita waje. Amma gashi na wadda cutar ta riga ta kama ne, yana ɗaukar makonni, kuma kuɗin mota da na zama a Yamai suna kan iyali.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da Papanikolau ya bari shi ne sanin cewa macen da ta fi cin ribar gwaji ita ce wadda ba ta jin ciwon komai, kuma ya kai ga wannan sani ne ta hanyar matarsa, wadda lafiyarta ƙalau ta yarda a duba ta shekara 21. Ga mace mai shekara 30 zuwa 49 a Gaya ko Tanda ko Bengou, matakin farko shi ne ta tambayi ungozoma a CSI mafi kusa, ko a asibitin gunduma, inda ake yin gwajin bakin mahaifa da ranar da ake yin sa. Dubawar kanta ba ta wuce ƴan mintoci.